Daga kaset zuwa katin memuwar: yadda kiɗa ya shiga aljihunmu

Yau ba labarin farashin hatsi na zo da shi ba, ba kuma na hanya ba. Wani abu ne ya same ni a tashar mota a Maraɗi satin da ya wuce, na kasa fidda shi daga raina.

Ina jiran mota ta cika, sai ga wani dattijo zaune bisa buhunshi, da ƴar radiyo rataye a wuya. Muryar Shata ke fita daga ciki, tas, babu ko shuu. Da na duba da kyau sai na ga eriyar ta karye tun daga gindi. Na gaishe shi, na ce: "Baba, wace tasha ce wagga da ke kamawa babu eriya?" Ya yi dariya ya ce: "Ɗana, ni na bar tasha. Kati ne." Ya juya bayan radiyon ya nuna mini ɗan ramin da katin ke ciki. Ya ce jikanshi ya zuba mishi Shata da Ɗanƙwairo da tafsirin azumi biyu, kuma tun daga girbi bai kai ƙarshensu ba.

Ni da ke cin abinci da makirofo, kun san maganar ta ɗan sosa ni. Amma cikin mota na yi ta tunanin tsawon hanyar da aka bi kafin abin da bai kai farcen ɗan yatsa ba ya ɗauke kayan da a da sai an cika kwali. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta.

Mu fara da kaset, don da ita muka buɗe ido. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fiddo ta a 1963, kuma injiniyan da ya jagoranci aikin, Lou Ottens, ya rayu har 2021. Wanda aka haifa bayan 2000 ba zai gane matsayin kaset a gidajenmu ba. A gidanmu radiyo mai kaset guda ce, ta mahaifina, tana da rigar yadi da aka ɗinka mata don ƙura. Yaro bai taɓa ta. In pil ya yi sanyi muryar mawaƙi ta fara ja kamar mai jin barci, sai a fiddo pil ɗin a shanya a rana, wani ma har ya ɗan cije shi, wai ya ƙara ƙarfi. Maida zare baya da injin ɓarnar pil ce, don haka aikinmu ne mu yara: a sa bik cikin ramin kaset a yi ta juyawa. In zaren ya tsinke, a liƙa da jan farce. Wurin da aka liƙa kalma ɗaya ko biyu sun tafi ke nan har abada, kuma har yau akwai waƙoƙin da na hardace da giɓinsu, in na ji cikakkiyar sai in ga kamar ita ce ba daidai ba.

Kaset ba ta kiɗa ba ce kawai. Ita ce wasiƙar wanda bai yi lakwal ba. Ƴan cin rani da ke Abijan ko Libiya sukan aiko kaset ta hannun direba, a tara gida duka, a saurari gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, a juya bayanta a ɗauki amsa. Abin da muke yi yau da saƙon murya na WhatsApp, iyayenmu sun yi shi, sai dai nasu yakan yi wata guda a hanya.

A ranar 1 ga Yuli 1979 kamfanin Sony na Japan ya fiddo Walkman, abin da Faransawa suka raɗa ma suna baladeur. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, Masaru Ibuka, shi ne ya so abin da zai riƙa jin kiɗa da shi cikin jirgin sama. Ga wani abu da ya ba ni sha'awa: na farkon da suka yi yana da ramin ekuter biyu, har da wani maɓalli da za ka danna ka yi ma abokinka magana ba tare da ya cire nashi ba. Su kansu masu ƙera shi suna jin nauyin a ce mutum ya toshe kunne shi kaɗai cikin jama'a. Daga baya suka ga masu saye ba su damu ba, suka cire rami na biyu. Ku riƙe wannan, za mu komo kanshi. An saida na kaset kimanin miliyan 200 kafin a daina yin shi a Japan a 2010.

CD ya zo a 1982. A nan wurinmu bai yi ƙarko a aljihu ba. Ƙura ta kankare shi, rana ta lanƙwasa shi, in kana tafe da shi bisa babur ko cikin mota a hanyar laterit sai ya yi ta tsalle. Inda ya yi amfani shi ne fina-finan Kano. Mu wuce.

Abin da ya canza komai ba na'ura ba ce, lissafi ne. A garin Erlangen na ƙasar Jamus akwai wata cibiyar bincike mai suna Fraunhofer, inda wasu injiniyoyi, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, suka shafe shekaru suna neman amsar tambaya guda: yaya za a rage nauyin sauti ba tare da kunne ya lura ba? Minti ɗaya na kiɗa a CD yana cin wajen mega 10. A zamanin, wannan kaya ne mai nauyi ƙwarai.

Dabarar da suka bi kowa ya san ta, ko da bai san sunanta ba. In kana tsaye kusa da mai ganga a wurin kokowa, wani ya yi maka raɗa, ba ka ji. Raɗar tana nan, amma gangar ta rufe ta. To sai suka ce: tunda kunne ba ya jin ta, don mi za mu ajiye ta? Suka koya ma ordinater, wadda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce ma kwamfuta, ta riƙa bin sauti guntu-guntu tana zubar da duk abin da wani sauti mai ƙarfi ya danne, da wanda ya wuce iyakar jin ɗan Adam. Abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Minti ɗaya ya koma wajen mega 1. Abin mamaki, ba kiɗa mai hayaniya ne ya fi ba su wahala ba, muryar mutum ce tsurarta. Brandenburg ya yi ta gwaji da waƙar wata Ba'amurkiya, Suzanne Vega, mai suna "Tom's Diner", wadda ta rera babu kiɗa ko kaɗan, yana saurare yana gyara lissafi har muryar ta daina fita a gurɓace. An fidda tsarin a hukumance a 1993, kuma ranar 14 ga Yuli 1995 suka zaɓa mishi sunan da muka sani: MP3.

Mu ma'aikatan radiyo mun san abin da aka zubar bai tafi a banza ba. In aka matse waƙa fiye da kima, ko aka matse wadda an riga an matse, za ka ji kalangu ya koma kamar ana buga gwangwani cikin ruwa. Yawancin tsofaffin waƙoƙin da ke yawo cikin katunanmu haka suke: daga faifai zuwa kaset, daga kaset zuwa kaset, daga nan wani ya kanga salula bakin bafful ya ɗauka.

Na'urar aljihu ta farko da ta shiga kasuwa don MP3 daga Koriya ta Kudu ta fito, a 1998, sunanta MPMan. Tana ɗaukar mega 32. Ku yi lissafi: rabin awa ke nan, daidai da gefe ɗaya na kaset mai minti 60. Wato da farko sabon abin bai kai tsohon ba. A shekarar dai wani kamfanin Amurka, Diamond, ya fiddo tashi mai suna Rio. Ƙungiyar manyan kamfanonin faifai ta Amurka ta kai shi kotu tana so a hana saidawa, don ta hango inda abin zai kai. A 1999 kotu ta ba Diamond gaskiya. Da hukuncin ya faɗi ta ɗaya gefen, wataƙila da tarihin ya ɗan yi jinkiri, amma ban jin da ya tsaya.

Sai ranar 23 ga Oktoba 2001, Steve Jobs na kamfanin Apple ya fiddo iPod daga aljihun wandonshi gaban ƴan jarida. Giga 5, waƙa 1000, dalar Amurka 399. A canjin lokacin kusan jika 290 ke nan na kuɗinmu, abin da lebura zai shekara bai tara ba. A 2003 suka buɗe kantinsu na intanet inda ake sayen waƙa ɗaya-ɗaya, ƙasa kaɗan da dalar Amurka guda. Duk littafin tarihin Turawa da ka buɗe, a nan yake tsayawa ya yi dogon bayani: farin ekuter, ƴan birni cikin jirgin ƙasa kowa da duniyarshi. Ana ƙiyasta an saida iPod wajen miliyan 450 kafin Apple ya sanar da daina yin shi a watan Mayu 2022, bayan iPhone da sauran salula sun cinye aikinshi.

Gaskiya ni ban taɓa riƙe iPod ba sai da na girma, kuma na tabbata yawancin masu karanta wannan haka ne. Namu tarihin ta wata hanya ya biyo.

A shekarar da iPod ya fito, a ita ce Celtel ta fara aiki a Nijar, wadda ta koma Zain, ta koma Airtel. Salular farko ba ta kiɗa sai ɗan ƙararrawar kira. Abin da ya fara shigo mana da MP3 wata ƴar aba ce mai kamar kile, tsawon ɗan yatsa, da pil ƙarami guda da ɗan gilashi mai shuɗin haske. Babu sunan kamfanin kirki a jiki, daga Sin take, ta biyo ta Dubai ko ta Kano ta shigo ta Ɗan Isa. Ina kolej lokacin da wani ɗan ajinmu ya zo da irinta, yayanshi ya kawo mishi. A lokacin hutu muka yi mishi zobe. Ekuter guda, kunne biyu, sai a raba: kai ɗaya, ni ɗaya, kanmu a haɗe kamar tagwayen kwakwa. Kun ga ramin nan na biyu da Sony ya cire, mu mun maido shi da dabararmu. Cikinta akwai ƴan rap na Yamai, su Kaidan Gaskiya da Wass-Wong, da kiɗan Kodibuwar da ake yayi, da waƙoƙin fim. Rannan mushe ya kama ta cikin aji, igiyar ta bi ta hannun riga, ya ajiye ta har ƙarshen wata. Mun yi zaman makoki.

Matsalarta guda: ba ka iya zuba mata komai sai da ordinater, kuma mutum nawa ke da ordinater? Daga nan wata sana'a ta tsiro wadda babu wanda ya tsara ta. Saurayi ya samu tsohuwar ordinater, ya kafa tebur da lema bakin kasuwa ko bakin tasha, ya jawo kuran daga butikin maƙwabci, ya sa bafful yana ta kiɗa don a san yana nan. Ka miƙa kati, ka faɗi abin da kake so, ka ba da dala 20 ko dala 40, ya cika maka. Da yawansu masu saida kaset ne a da, ko yaransu. Su ne suka zama ma'ajiyar kiɗan ƙasar ga ba tare da kowa ya naɗa su ba. Ka ce kana son Ɗan Gurmu na Tawa, ko Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram, ko Sa'adu Bori, zai ce ka dakata, ya shiga wata jaka cikin wata jaka, ya fiddo.

Katin kanshi, ɗan ƙaramin nan da ake ce ma microSD, kamfanin SanDisk ya fiddo shi a 2004 da wani suna, aka sa mishi wanga a 2005. Da salula ƴan Sin suka cika kasuwa, masu pus biyu da lasifika mai tada unguwa, sannan su Tecno da Itel suka biyo baya, kowa ya samu wurin sa kati. Katin giga 2 yana ɗaukar wajen awa 33 na sauti, kaset mai minti 90 guda 22 ke nan. Sai kuma Bluetooth, wanda kamfanin Ericsson na Suwidin ya faro, aka ba shi laƙabin wani sarkin Danmak na ƙarni na 10. Sarkin bai san zai yi suna a fadodin shayi na Zinder ba. "Kunna bulutut ɗinka in turo maka" ta zama gaisuwa. Babu kiredi, babu rezo, babu intanet: salula biyu kusa da juna, kafin shayi na biyu ya nuna waƙa ta ƙaura.

Wanda ke ganin wannan wasan yara ne, ya ji labarin Mdou Moctar. Ɗan jihar Tawa ne, daga yankin Cintabaraden da Abalak, bahago, wanda ya haɗa gitarshi ta farko da wayar burkin keke. A 2008 ya tafi Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinshi na Tamashek a situdiyo, da irin gyaran muryar nan na inji da mawaƙan fim ɗin Hausa ke amfani da shi. Kundin, mai suna Anar, bai shiga kanti ba a lokacin, babu kamfani, babu talla. Daga kati zuwa kati ya bi direbobi da fatake har ya kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ke yawo yana musayar waƙoƙi da matasa a Kidal, ya ci karo da ɗaya daga ciki. Ya tattara abin da ya samu, ya fiddo faifai a 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones, wato kiɗan da aka kwaso daga salular mutanen Sahara. Wahalar da ya sha ita ce gano masu waƙoƙin don a ba su rabonsu, saboda da yawan fayilolin babu sunan kowa a jiki. Ya yi ta cigiya har ya samu Mdou. Yau mutumin nan yana cika dandali a Amurka da Turai, kuma a 2021 wani babban kamfanin Amurka, Matador, ya fiddo mishi Afrique Victime. Hanyar da ta fidda shi duniya ita ce wadda kuke turo ma juna waƙa da ita a fada.

Sai dai kar labarin mutum guda ya rufe mana ido. A zamanin kaset, ko da masu kwafi sun yi yawa, mawaƙi yakan saida ma ɗan kasuwa kaset ta asali ya karɓi wani abu a hannu. Da kati ya zo, wannan ɗan abin ma ya tafi. Mai tebur ya samu dala 20, mai salula ya samu daɗi, wanda ya kwana yana tsara baiti bai samu ko tamma ba. Muna da ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, kuma doka tana nan, amma wa zai bi sawun waƙar da ta tsallaka daga aljihu zuwa aljihu a gindin bedi? Mawaƙanmu suka koma inda kakanninsu suke: biki, suna, taron siyasa, da waƙar wane da wane. Waƙar ta zama talla, kuɗin yana wurin liƙi. Duk wanda ke ƙorafin cewa waƙoƙin yanzu sun cika yabon masu kuɗi, ya tambayi kanshi yaushe rabon da ya biya kuɗin waƙa. Ni ma ban fita ba. Akwai abubuwa da yawa cikin ordinater ɗina da ban san ta inda suka shigo ba.

Na'urar da ta ci gari a ƙarshe ba salula ba ce, irin ta dattijon nan ce: ƴar radiyon Sin mai ramin kati da ramin kile, da tocila a goshi, wata har da ɗan fanno a baya da za ka shanya ta sha rana. In ka kunna, wata mata ta yi maka magana da Turancin da babu mai ji. Ba ta buƙatar ka iya karatu, maɓalli huɗu ne ko biyar. Manomi ya rataye ta ga reshen gawo yana noma. Makiyayi ya ɗaura ta a kafaɗa. Mata sun aza ta bisa katanga suna daka. Tela, mai shayi, mai gyaran babur, mai saida kilishi, kowa da tashi. Ɗan kabu-kabu ya ɗaure tashi ga kan babur, kafin ka gan shi ka ji Nura M. Inuwa ko Fati Nijar na tafe. A motar haya kuwa akwai tsari da ba a rubuta ba: in an tashi da asuba karatun Alƙur'ani, in rana ta ɗaga wa'azi, in an wuce rabin hanya barci ya fara ɗaukar direba, sai a sa abin da zai tashe shi, dattawan da ke gaba su yi kamar ba su ji ba.

Abin lura shi ne, waɗanda suka ƙera abin ga sun yi shi don mutum ya keɓe. Mu muka karɓe shi muka sa mishi lasifika muka maida shi tsakar gida. Ko mai ekuter a cikinmu, in ya ji abin da ya yi mishi daɗi, sai ya cire ya ce "ku ji wanga".

Amma kuma akwai abin da ya canza cikin gida, kuma iyaye sun fi ni sani. A da radiyo guda ce, maigida ke da maɓalli, abin da ya ji shi kowa ya ji. Yau yarinya na kwance kusa da uwarta da igiya a kunne, uwar ba ta san ko karatu take ji ko wani abu ba. Kati ba ya tambayar abin da aka zuba mishi. Wa'azin haɗin kai da na raba kan jama'a hanya guda suke bi, kuma babu shugaban shirye-shirye da zai ce wannan ba za a sa ba, kamar yadda ake yi mana a gidan radiyo. Ga kuma kunnen kanshi. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babba zai iya jure ƙarfin sauti na desibel 80 har awa 40 a sati, in ya wuce haka lokacin yana raguwa da sauri. A Faransa doka ta hana saida irin na'urorin ga in sun wuce desibel 100. Namu da ke shigowa cikin kwali babu mai auna su. In kana zaune kusa da yaro kana jin abin da ke cikin ekuter ɗinshi, to ya yi yawa. Mu da muke kwana da kas a kunne cikin situdiyo mun san wani siririn kuka da ke zama cikin kunne da dare in gari ya yi tsit, kuma ba ya da magani.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na ce maganar dattijon ta tsaya mini a rai.

A 2014 na tafi ƙauyen su mahaifiyata a yankin Tasawa. Akwai yayar kakata, muna ce mata Iya, ta tsufa ƙwarai amma hankalinta garau. Ita ce ta ƙarshe a gidan da ta san waƙoƙin niƙa da na daka na zamaninsu, da waɗanda ake yi ma amarya daren da za a kai ta, da kirarin zuriyarmu tun daga wanda ya haƙa rijiyar garin. Na zauna da ita yamma uku. Da farko ta ƙi, ta ce: "Kai ɗan nan, mi za ka yi da waƙar tsofaffi?" Na lallashe ta da goro. Na ɗauki kusan awa huɗu a salula, bisa wani katin giga 8 da na saya da arha a hanya. Na ce in na samu lokaci zan gyara in yi shiri da shi. Ban kwafe shi ko'ina ba. Iya ta rasu bayan shekara biyu. Da na ɗauko katin don in sa ma mahaifiyata ta ji muryar, sai salula ta ce sai an yi mishi forma.

Na kai ma masu gyara uku. Na ƙarshen ne ya faɗa mini gaskiya: katin jabu ne. An rubuta 8 a jiki, an kuma yi mishi dabara yana faɗa ma salula 8, alhali cikinshi bai kai haka ba. In ya cika ba ya cewa ya cika, sai ya riƙa taka tsohon abu da sabo, sunayen fayil suna nan amma cikinsu fanko. Ya ƙara da cewa ko na gaske ne ba a ba shi amana, don abin da ke riƙe bayanin ɗan cajin lantarki ne da ke tsiyayewa a hankali, kuma zafi irin namu yana gaggauta shi. A ranar da na komo gida na buɗe kwalin mahaifina, na ɗauki wata kaset da ya ɗauka tun kafin a haife ni, na sa. Ta yi shuu, ta ɗan ja, amma ta yi magana. Kaset in ta lalace tana barin maka saura. Kati in ya tafi, da duka yake tafiya.

Tun daga nan duk abin da na ɗauka sai ya kwana wuri uku: ordinater, kile, da kuma intanet. Kuma ina sa mishi suna cikakke, wane ne, ina ne, wace shekara. Ku duba katunanku ku gani, rabin abin da ke ciki sunanshi lamba ce kawai, ko "tsohuwar waƙa 2". Waɗannan masu teburin da na ce su ne ma'ajiyarmu, yanzu WhatsApp da YouTube da TikTok sun rage musu ciniki, wasu sun koma saida sharjer da gilashin salula. In ordinater ɗin ta mutu, a kilo ake saida ta. Ban san ko nawa ne daga cikin muryoyin makaɗan ƙauyukanmu, waɗanda ba su taɓa shiga situdiyon Muryar Sahel ba, suka rage a irin waɗannan injuna kaɗai.

Abu guda ya hana ni fidda rai. Daren da na gama ɗaukar Iya, samarin gidan sun taru suna saurare suna dariya, kuma na tuna biyu ko uku cikinsu sun ce in tura musu. Na tura ta bulutut, aƙalla kashi na farko, mai kusan minti 50. Na bi su daga baya: ɗaya salularshi ta faɗa rijiya, ɗaya ya saida tashi a Agadas da katin a ciki, na ukun ya ce ya tura ma wasu amma bai tuna su wa ba. To tunda waƙar Abalak ta kai Kidal da ƙafarta, ban ga abin da zai hana muryar Iya tana wani aljihu a Tasawa, ko Gazawa, ko Arlit ba.

Ga alamarta. Babu kiɗa, muryar tsohuwa ce ita kaɗai, tana yi tana tsayawa tana tari. Daga farko za ku ji wani saurayi yana cewa "Iya, ki matso kusa da shi", ni ne. Wajen minti na 10 jaki ya yi kuka, ta katse waƙar ta zage shi, mutane suka fashe da dariya. Duk wanda ya ci karo da ita cikin tsohon kati, don Allah kar ya goge, ya aiko mini saƙo ta shafin ga. Ni zan zo har inda yake.